Faifan Ingunn

Talata, 4 ga Nuwamba, da hantsi

Solfrid, matata, ta hana a taɓa komai a ɗakin sama. Na ce ko tagar ce in rufe, sanyi na saukowa har kicin. Ta ce Ingunn ce ta bar ta a buɗe, ita za ta rufe abinta in ta dawo. Na bar tagar. Mun tsufa tare, na san ranar da ake yi mata gardama da ranar da ba a yi.

Ingunn 'yarmu ce, ita kaɗai muka haifa. Ban san me ya sa nake rubuta wannan ba, kamar akwai wanda bai sani ba a garin nan. Aikinta ɗaukar sauti, tana sayar wa gidajen rediyo da masu shirya fim: iska, tsuntsaye, ruwa, ƙarar ƙanƙara in tana tsagewa. Ranar Lahadi ta fita da ƙaramin kwalekwalenta da na'urar da take zurawa cikin ruwa, saboda manyan kifayen nan masu feso ruwa sama sun shigo mashigin teku, tana son kukansu.

Jiya aka ga kwalekwalen, ba kowa a ciki.

Ban saba rubutu ba. Hannuna ne ke neman abin yi.

Laraba, 5 ga Nuwamba, da yamma

Jirgi mai saukar ungulu ya yini yana kewayawa. Vigdis 'yar sanda ta zo, ta sha kofi a tsaye. Ta ce ba su daina nema ba.

Maƙwabta sun cika mana firji da miyar kifi. Ba mai ci.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, da safe

Iska daga arewa. Masu neman ba su fita ba.

Asabar, 8 ga Nuwamba, da rana

Babbar kwamfutar Ingunn tana kunne tun ranar da ta fita. Ba ta kashe ta dama, har in ce mata kamfanin wuta ya kamata ya ba ta lambar yabo. Ɗakinmu yana ƙarƙashin nata, shekara da shekaru muna jin gurnanin abin ta cikin katakon rufi, siriri, ba ya tsayawa. Da can Solfrid mita take yi a kansa. Yanzu kujera ta kai sama, tana zama kusa da shi da saƙarta a cinya, ba ta saƙa komai.

Yau na kai mata burodi da cuku, sai na ji wani abu a cikin gurnanin. Ƙas. Ƙas. Ya yi shiru, ya sake. Na ƙare aikina a ɗakin injin jirgin fito, kunnena ya san ƙarar ƙarfe mai lafiya da ta wanda ke shirin cin kansa. Wannan ba mai lafiya ba ce.

Na ce, "Solfrid, kin ji?"

Ta ce, "Aiki take yi. Wani abu Ingunn ta bar mata tana yi."

Duk abin da yarinyar nan ta ɗauka tun tana makaranta yana cikin akwatin nan.

Litinin, 10 ga Nuwamba, da hantsi

Na leƙa shagon Terje. Tare muka yi firamare da shi, tare aka kore mu daga ƙungiyar waƙar coci. Da can rediyo yake gyarawa, yanzu kwamfuta da waya. Da ya gan ni sai ya ture wata waya daga kan kujera, ya zuba mini kofinsa mai ɗacin nan.

Na kwaikwaya masa ƙarar da bakina.

Ya ce, "Sake yi."

Na sake.

Ya ce, "Oddvar, har yanzu ba ka iya waƙa ba. Amma na gane. Faifan ajiyar ne. A ciki akwai faranti yana juyawa, da ɗan hannu mai karantawa a samansa, ba ya taɓa shi. In ka ji ƙas ɗin nan, hannun ya fara ruɗewa. Ranar da ya sauka kan farantin, gogewa zai yi ta yi. Tun yaushe take kunne?"

Na gaya masa.

Ya ajiye kofinsa. "Je ka kashe ta. Yau. Ka kawo mini in kwashe abin da zan iya."

Na ce Solfrid ba za ta yarda ba.

Ya ce, "In zo in yi mata magana?"

Na ce, "Kai da ta kora daga bikinmu?"

Ya ce, "Ba korata ta yi ba, rakiya ta yi mini har ƙofa." Muka ɗan yi dariya. Sai na ji kunyar dariyar, na tashi.

Litinin, da yamma

Na gaya wa Solfrid. Ta ce duk wanda ya kashe kwamfutar nan, ya san inda zai kwana.

Laraba, 12 ga Nuwamba, da safe

Ba labari.

Alhamis, 13 ga Nuwamba, da rana

Vigdis ta zo, wannan karon ta zauna, ta cire hula. Ta ce jirgin sama ya koma birnin Tromsø. Masunta za su ci gaba da sa ido, duk wanda ya fita ya san abin da zai duba. Ta yi ta amfani da kalmar "yanzu". Yanzu abin da za mu iya. Yanzu yadda ake ciki.

Solfrid ta tambaye ta ko tana son ƙarin madara.

Da ta tafi, na hau sama. Ƙas ɗin ya ƙaru, ba ya ma hutawa sosai. Na tsaya da yatsana kusa da maɓallin. Ban danna ba.

Asabar, 15 ga Nuwamba, da hantsi

Solfrid ce ta kira ni da kanta. Ta taɓa abin da ake motsawa da hannu, allon ya haskaka, ta so ta buɗe hoton nan na Ingunn da ke tsaye a kan dutse da ƙaton makirfo. Hoton ya fito rabi, rabin ƙasa toka-toka. Ta rufe, ta sake buɗewa, ya ƙi fitowa gaba ɗaya.

Ta ce, "Me ya same shi?"

Na ce, "Abin da Terje ya faɗa ne."

Ta daɗe tana kallon allon. Sai ta ce, "In ta dawo ta tarar aikinta ya lalace a hannunmu, ba za ta yafe mana ba. Kai masa. Amma ka ce gyara za a yi. Gyara, Oddvar. Ya dawo da ita yadda za ta zauna ta ci gaba."

Ni na danna. Gurnanin ya sauka a hankali, ya mutu. Na naɗe akwatin da bargo na sa a kujerar gaba, na ɗaura masa bel, na tuƙa kamar mai ɗauke da ƙwai.

Lahadi, 16 ga Nuwamba, da safe

Gidan ya yi shiru da yawa. Agogon kicin ma na ji shi daga bene.

Talata, 18 ga Nuwamba, da rana

Terje ya kira in zo. Ya kwashe yawanci zuwa wani faifai na shagonsa. Ya ce aro ne, ba zai riƙe har abada ba, kuma tsoho ne shi ma, kada in dogara da shi. Ya ajiye abu biyu a kan tebur. Ɗaya mai nauyi, kamar ƙaramin littafi. Ɗaya siriri, bai kai tsawon yatsa biyu ba.

Ya taɓa mai nauyin. "Wannan irin na da ne, mai juyawa. Yana ɗaukar kaya da yawa, ba shi da sauri, yana ƙara, kuma in ya faɗi ƙasa yana aiki, sai addu'a. Amma in ka cika shi ka sa a kabad wuri mai bushewa, zai daɗe yana riƙe da abinsa. In zai mutu ma yakan yi gargaɗi, kamar yadda ka ji."

Ya ɗaga siririn. "Wannan SSD. Ba abin da ke motsi a ciki. Shiru, sauri kamar walƙiya, ka yar da shi ka ɗauka ba abin da ya same shi. Ingunn ta sha zuwa nan tana juya shi a hannu tana cewa sai an biya ta aikin kifayen. Amma yana son a riƙa ba shi wuta. Ka jefa shi a durowa shekaru ba ka kunna ba, wata rana ka tarar ya fara mantuwa. Kuma shi ba ya gargaɗi."

Na ce, "To wanne zan ɗauka?"

Ya ce, "Ya danganta. Za a ci gaba da aiki da ita ne, ko ajiyewa za a yi?"

Maganar da yake yi wa kowa ce, na sani. Tun kafin ya rufe baki ya ji abin da ya faɗa. Ya cire tabarau, ya shiga goge shi da rigarsa, ya daɗe yana gogewa.

Ya ce, "Jaki ne ni, Oddvar."

Na ce, "Tun aji ɗaya."

Ya ce gaskiyar magana duka biyun ya kamata a yi, ɗaya a cikin kwamfuta, ɗaya a kabad. Na ce sai na tambayi Solfrid.

Akwai wani abu kuma. Na bana bai fito duka ba. Abin da ta ɗauka tun daga bazara zuwa yanzu, wajen rabi ya goge. Na tambaye shi, da an kashe da wuri fa? Ya kawar da kai. Na ce in Solfrid ta tambaya, ya ce mata tun kafin Nuwamba ya lalace.

Ya ce, "Ai tun kafin Nuwamba ya lalace."

Laraba, 19 ga Nuwamba, da yamma

Na yi wa Solfrid bayani yadda Terje ya yi mini, ina feraye dankali don kada in kalle ta. Mai sauri da mai daɗewa. Na cikin kwamfuta da na kabad.

Ta ce, "Mai saurin. Shi take so."

Na ce, "Terje ya ce a haɗa da ɗayan, saboda tsaro."

"Tsaron me?"

"Ko da wani abu ya faru."

"Me zai faru?"

Na ce faifai ne kawai, Solfrid, ƙarfe ne. Ta ce ta san abin da ake sawa a kabad. Rigunan mamanta suna kabad. Kayan aikin babana suna kabad. Ta ce ba za a naɗe mata aikin 'ya a sa a kabad ba alhali ko wata ɗaya ba a yi ba, alhali akwai tsibirai da bukkokin masunta da ba wanda ya leƙa.

An leƙa su. Ni ma ina cikin waɗanda suka leƙa.

Na ce to.

Juma'a, 21 ga Nuwamba, da rana

Na gaya wa Terje mai saurin kaɗai. Bai yi musu ba. Ya ce nasa na shago zai bar shi yadda yake, ba ya bukatarsa da gaggawa. Ƙarya yake yi, na ga kwamfutocin mutane jere suna jira.

Lahadi, 23 ga Nuwamba, da safe

An ambaci sunan Ingunn a coci. Ba mu je ba. Matar fasto ce ta kira ta faɗa, tana tsammanin za mu ji daɗi.

Talata, 25 ga Nuwamba, da yamma

Terje ya kawo kwamfutar da kansa, ya hau da ita yana haki yana zagin matakalarmu. Solfrid ta yi masa waina, ta ce ya rame. Ya ce shekara arba'in yana jiran ta faɗi magana mai daɗi a kansa. Ta kusa yin murmushi.

Ya jona wayoyi, ya danna. Kafin in gyara tsayuwa allon ya riga ya fito, komai a inda Ingunn ta bar shi.

Solfrid ta ce, "To kunna mana."

Ya ce, "Ai a kunne take."

Ta matso, ta kara kunnenta a jikin akwatin. Ta ɗora tafin hannunta a kai. Na ga fuskarta tana sauyawa.

"Ba ta numfashi," in ji ta.

Terje ya fara bayani, cewa wannan ba ya juyawa, shi ya sa. Na girgiza masa kai. Ta sauka, muka ji ta rufe ƙofar ɗakin wanki, ta kunna famfo. Ni da Terje muka tsaya kamar yaran da suka fasa tulu. Ya ce zai iya mayar da mai ƙara in ana so. Na ce ba ƙarar take nema ba.

Tun da abin ya faru ban ji kukanta ba sai yau, shi ma ta cikin ƙarar famfo.

Alhamis, 27 ga Nuwamba, da tsakar rana

Rana ta daina fitowa, kamar kowace shekara in sanyi ya kama a arewacin nan. Ɗan haske shuɗi kan duwatsu, shi ke nan. Solfrid ba ta hau sama ba tun Talata. Na rufe tagar. Ba ta hana ni ba.

Asabar, 29 ga Nuwamba

Dusar ƙanƙara. Na share hanya har titi, na sake sharewa.

Litinin, 1 ga Disamba, da hantsi

Vigdis ta zo. Tare da fasto.

Wani masunci ne ya tsinto ta, can wajen tsibirin waje.

Laraba, 3 ga Disamba

Na je Tromsø. Ni kaɗai na shiga ɗakin ajiye gawa. Rigar saƙar da Solfrid ta yi mata ce, mai jan wuya.

Ba zan rubuta wannan ba.

Talata, 9 ga Disamba, da yamma

An binne ta jiya. Cocin ya cika har waje. Wata mata daga gidan rediyo ta yi magana, ta ce Ingunn na iya zama cikin sanyi yini guda ba ta motsa ba don tsuntsu ɗaya. Ban taɓa sanin haka ba. Ni na san ta da rashin zama wuri ɗaya.

Terje ya riƙe gefe ɗaya na akwatin gawar. Ya sa kwat ɗin aurensa, ba ta rufuwa.

Alhamis, 11 ga Disamba, da rana

Da safe Solfrid ta sa takalmi ta ce in kai ta shagon Terje. Ba ta taɓa shiga ba. Ta tsaya a tsakiyar tarkacensa da jakarta a hannu.

Ta ce, "Terje, ɗayan nan. Wanda ake ajiyewa."

Ya ce, "Akwai."

"Zai daɗe?"

"Zai daɗe. Ba har abada ba. Bayan wasu shekaru a sake kwashewa a sabo. In ina raye ni zan yi."

Ta ce, "To ka daina shan taba."

Ya ce to, kamar yaro. Ya ce gobe zai kawo a cike. Ta tambaye shi na cikin kwamfutar fa, da aka ce yana mantuwa in ba a kunna ba. Ya ce ba da wuri haka ba, sai an yi shekaru. Ta ce ba komai, za a riƙa kunnawa.

A mota ta ce mini, "Ina son in ji muryarta."

Asabar, 13 ga Disamba, da yamma

Mai nauyin yana kabad ɗin ɗakinmu, a kantar sama, cikin ledarsa. Solfrid ce ta sa shi.

Kwana biyu ke nan muna sama, kujera biyu. Terje ya nuna mini yadda ake buɗewa da tsallakawa gaba. Da an taɓa yake fitowa, ba jira. Sautuka ne ba iyaka, kowanne da sunan wuri da wata. Mun ji teku a lokacin sanyi da teku a lokacin rani. Mun ji ruwan sama a kan rufin kwano, da agwagin ruwa, da igiyar jirgi tana kuka a jikin ƙarfe, da injin tsohon jirgina, wanda ban san ta taɓa ɗauka ba.

Ita ce babu. Ko tari. Ta iya aikinta, in ta kunna na'ura sai ta ɗauke numfashi. Duk wuraren nan tana tsaye a wurin, dab da makirfo, ba ta bar ko alamarta ba.

Solfrid ta ce, "Yarinyar da ba ta rufe baki a tebur."

Mun tashi ba mu samu ba.

Lahadi, 14 ga Disamba, da hantsi

Mun koma bayan karin kumallo. Can cikin na shekarun baya na ga wani da ta sa wa suna "Kicin, safiya". Na buɗe.

Ƙarar cokali a kofi. Butar shayi. Sai ga muryata, ina cewa wa ya cinye ƙarshen cukun. Sai Solfrid tana cewa wanda ya tashi neman ruwa ya daɗe a gaban firji, shi ya sani. Na ce ni ban taɓa ba. Ta ce to ɓera ne, ɓera mai silifas lamba arba'in da biyar. Muka yi ta yi, ni da ita, a kan cuku, a kan wanda ya bar ƙofar baya a buɗe, a kan ƙanwata da ba ta mayar da kwanon gashi ba. Ba mu san ana ɗauka ba. Ba na ma tuna ranar.

Solfrid ta sa hannu ta rufe bakinta. Na kai yatsa zan tsallaka, ta riƙe mini hannu.

Wajen ƙarshe, ni a cikin sautin na ce, "To shi ke nan, ni ne ɓeran." Sai ga wani abu kusa da makirfo, kusa ƙwarai. Dariya ce aka danne ta fito ta hanci, 'yar gajeruwa. Daga nan sautin ya yanke.

A waje mai share dusar ƙanƙara ya wuce da motarsa.

Solfrid ta ce, "Mayar baya."

Na mayar.